Ban Jira Magaji Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar babanku, kuma har yau idan kuka taru a gidan nan kuna iya yin zancen komai, tun daga tsadar gas har zuwa makarantar jikokina, amma da zarar hira ta doshi ranar da aka binne shi sai kowa ya tuna yana da waya a hannu. Na gaji da wannan. Na kuma ji labaran da ke yawo: wai Fasto Luka ne ya tura ni, wai maƙwabtanmu Musulmi ne suka juya mini kai, wai ruɗewar mutuwa ce ta sa ban san abin da nake yi ba. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da 'yan aji uku, ban taɓa barin wani yaro ya sha bulalar wani ba. Don haka zan rubuta muku yadda aka yi, ku ukun, Magaji da Rahila da Iliya, ku san cewa ni na yanke shawarar, da hankalina a jikina. In akwai wanda za a riƙe a zuci, ni ce.

Sai na fara da inda muka fito, domin ku a Nassarawa kuka buɗe ido, ƙauye wurin zuwa Kirsimeti ne kawai a wajenku. Ni da babanku 'yan gari ɗaya ne a ƙasar Zariya, Hausawa tun kaka da kakanni, iyayenmu ne suka karɓi bishara. A can idan mai bi ya rasu da safe, kafin rana ta faɗi an kai shi makwancinsa. Maza su yi wa namiji wanka, mata su yi wa mace, a naɗe da farin ƙyalle, a ɗauka ana waƙa, mai bishara ya yi karatu a bakin kabari, a rufe, a dawo gida a shimfiɗa tabarmi. Kwana uku ana zuwa gaisuwa ana shan kunu. Wanda yake nesa ya zo ya tarar da tabarma, ya zauna a yi masa ta'aziyya shi ma, kuma ban taɓa jin wanda ya ce an yi masa laifi ba. Haka aka binne mahaifina ina makarantar horon malamai, sai bayan kwana huɗu saƙo ya iso ni. Na yi kukana, na hau mota na tafi. A lokacin ba wanda yake cewa wannan al'adar Musulmi ce. Ƙasarmu akwai zafi, kowa ya san abin da zafi yake yi wa gawa, shi ke nan.

Da aiki ya kawo babanku Kano, akawu a ma'aikatar gwamnati, aka ba shi wannan ɗan gidan da muke ciki, muka sami majami'armu a Badawa. Rumfar kwano ce a lokacin, da bencina na itace da ke cizon zane. Da Hausa ake komai. Babanku da kansa ya ɗauki bulo a ka ranar da aka fara ginin da kuka sani, kuma shekara ashirin da wani abu yana cikin dattawan ikilisiya. A idonmu abubuwa suka canza. Mutane suka zo daga kudancin Kaduna, daga Filato, daga Binuwai, daga ƙetaren kogi, kowa da irin tasa. 'Ya'yanmu, har da ku, suka tashi da Turanci a baki, suka fara zamewa zuwa sababbin majami'u masu lasifika da fitilu. Jana'iza ma ta sake kama. Sai a kai gawa mutuware a ajiye, a kafa kwamiti, a fitar da anko, a buga ɗan littafi mai hotunan marigayi tun yana saurayi, a yi taron waƙoƙi jajibere, a kafa rumfuna, a raba shinkafa a robobi. Ban ce duka banza ba ne. 'Ya'ya sun watsu a duniya, dole a ba su lokaci su iso. Amma a hankali sai ya zama idan ba a yi haka ba, mutum bai mutu da daraja ba.

Abin da ya tsaya wa babanku a rai shi ne jana'izar amininsa, Malam Bitrus, wanda suka yi aiki ofis ɗaya. Mako biyar aka ajiye shi ana jiran 'ya'ya da ɗinkin anko. A cikin makonnin nan wuta ta yi ta ɗaukewa, injin asibitin kuma ya yi ta ba da matsala. Ranar da aka buɗe akwatin a majami'a don a yi bankwana, babanku yana gaba a layi, ina bayansa. Ba zan rubuta abin da muka gani ba. Hodar da aka shafa ba ta rufe komai ba, turaren ma haka. Muka fito, muka shiga tsohuwar motarsa, ya riƙe sitiyari bai tayar ba.

"Wannan ba Bitrus ba ne," ya ce.

"Bitrus yana wurin Ubangiji, Malam."

"Na sani. Amma ki yi mini alkawari. Ranar da na tafi, ranar za ki rufe ni. Kada ki bari a kai ni ɗakin sanyin nan, ko na dare ɗaya."

"In Allah ya sa na riga ka fa?"

"Ban tambaye ki wannan ba. Ki ce to."

Na ce to. Daga ni sai shi a motar, kuma bai sake tayar da zancen ba. Sau biyu na ce masa ya faɗa wa yara, ya ce zai faɗa idan Magaji ya zo gida. Kun san babanku da ajiye magana sai gobe.

Shekarar da ta biyo baya aka kawo mana Fasto Luka, ɗan kudancin Kaduna, sa'an Rahila, mai gilashi da saurin magana. Bai yi wata uku ba ya mayar da sujadar Hausa ƙarfe bakwai na safe, ya ba ta Turanci ƙarfe tara, ya shigo da jita da manyan ganguna. Babanku ya tsaya masa a wuya a kowane zaman dattawa. Yakan dawo gida ya jefa hularsa a kujera ya ce yaron nan yana so ya mai da gidan Allah gidan biki. Fasto kuma ya taɓa ce masa a gaban kowa, cikin ladabi, wai idan aka bi ta Baba Ishaku, nan da shekara goma bencina za su rage ana yi wa wa'azi. Ni a raina na san kowannensu yana da gaskiyarsa, domin Iliya da ya daina zuwa ya dawo saboda jitar nan, tsofaffi biyu masu ciwon gwiwa kuma suka daina zuwa saboda sammako. Na rubuta wannan ne don ku gane cewa Fasto Luka ba mutumin gidanmu ba ne. Idan akwai wanda kowa ya zaci zai so jana'izar zamani da rumfuna, shi ne.

Ranar Talata ce, tsakiyar bazara, irin zafin da tun ƙarfe bakwai ake gumi. Babanku ya sha kununsa a baranda, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, zai ɗan kishingiɗa. Na shiga na ɗauraye kofi, na fito na tarar ya tafi. Likitan da ke gida na uku a layinmu bai riga ya fita aiki ba, ya zo ya duba, ya cire abin aunawarsa daga kunne ya ce sai haƙuri. Na rufe masa ido, na gyara masa ƙafafu, na kira Rahila a Hotoro. Ita ta kira Iliya a Abuja, ya kamo hanya nan take, ita kuma ta kira Magaji a Ingila. Kafin ƙarfe tara gidan ya cika. Ina zaune a ɗaki ina jin dattawa a falo suna zancen motar asibiti da wanda zai shugabanci kwamiti. Na tashi na ɗaura ɗankwalina na fito, na ce musu ba inda za a kai shi, yau da la'asar za a binne shi.

Mama Talatu, shugabar zumuntar mata, ƙawata ce ta shekara talatin, tare muka yi goyon Rahila da 'yarta. Ita ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Hannatu, ki dawo cikin hankalinki. Dattijon ikilisiya ne fa. Ki rufe shi yau yau kamar wanda aka tsinta a bakin titi?"

"Haka ya ce."

"Ko ya ce, ai ba shi zai zauna da mutane ba, ke ce. Za a ce kun binne shi irin na Musulmi."

"Ubanki da aka binne a ranar da ya rasu, Musulmi ne?"

"Wancan zamani daban. Kuma ni ba ni da ɗa a Ingila."

Nan ta taɓa inda yake ciwo, ta kuwa sani. Sai ga Rahila ta turo ƙofa da waya a hannu, ido jajur, ta ce Yaya ne yake son magana da ni.

A nan sai na tsaya na yi muku bayanin abin da ku kuke gani kamar taurin zuciya. Magaji ɗan fari ne. A yadda aka raine ni, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce. Sunan da aka raɗa masa yana takardun makaranta, amma bai taɓa fita daga bakina ba, Magajin ma kakarsa ce ta sa masa don in sami abin kira. Da ya yi ƙyanda yana shekara huɗu, kwana shida ban runtsa ba, amma idan baƙi suka shigo sai in miƙa wa kakarsa shi in kama tsintsiya. A ƙauye kowa ya san ma'anar wannan, har yaron. Shi kuwa a nan ya tashi, cikin 'ya'yan likitoci da manajoji, yana ganin uwaye suna rungume 'ya'yansu a ƙofar makaranta. Ban taɓa zama na fassara masa ba, don ban san abu ne mai buƙatar fassara ba. Ko da ya tafi Ingila, da babansa yake doguwar hira, ni sai gaisuwa, ina gajiya, yaya sanyi, a gai da iyali. Da wannan bakin na karɓi wayar.

"Mama, kwana goma kawai nake roƙo," ya ce. "Fasfo ɗina yana hannun hukuma ana sabunta mini takardar zama, amma an ce idan rasuwa ce suna saki da wuri. Shekara shida ban ga Baba ba sai a waya."

"Ya ce kada a kai shi can."

"Wa ya ji ya faɗa?"

"Ni."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Mama, don Allah. Don Allah, Mama."

"Ka yi haƙuri. Da la'asar za a yi."

Na miƙa wa Rahila wayarta. Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ko kalma ɗaya ba, Rahila shaida ce. A cikina kuwa ji nake kamar ana yanka ni. Ina so in ce masa na san abin da nake ɗauke masa, ina so in ba shi labarin Malam Bitrus da motar da alkawarin, ina so in yi kuka tare da shi. Ga Talatu a tsaye, ga Rahila, ga mata a bakin taga. Bakina ya ƙi buɗewa. Shekara arba'in da biyu ban yi masa magana mai taushi a gaban mutane ba, ban iya farawa a ranar ba.

Fasto Luka ya iso a kan babur ɗinsa wajen ƙarfe goma. Dattawa suka tare shi tun a ƙofa, kowa yana faɗin tasa. Ya saurare su, ya shiga ya durƙusa a gaban gadon ya yi addu'a, sannan ya ce yana son ganina ni kaɗai. Muka zauna a ƙarƙashin mangwaron bayan gida. Na shirya faɗa, har na tanadi maganganun da zan jefa masa.

"Mama, zan faɗa miki abin da na sani, sannan ki zaɓa," ya ce. "Ubangijinmu ranar da ya mutu aka sa shi a kabari, kafin rana ta faɗi. Yakubu kuma kwana arba'in aka yi ana gyaran gawarsa a Masar, har ɗansa ya ɗauke shi ya kai shi gida. Duka biyun suna cikin Maganar Allah. Ba zan ce miki ɗaya zunubi ne ba."

"To kai me ka gani?"

"Da ni ne, zan jira ɗan. Baba ya riga ya huta, ba abin da ɗakin sanyi zai rage masa. Wanda yake Ingila shi ne mai rai. Shi zai ɗauki ranar nan har tsufansa."

"Na ce masa to, Fasto. Da bakina. Shekara arba'in da huɗu ban taɓa ce masa to na saɓa ba, ba zan fara ranar da ba zai iya yi mini gardama ba."

Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga.

"Ni da Baba ba mu taɓa shiri a kan komai ba," ya ce. "Amma ban taɓa jin ya faɗi abin da ba ya nufi ba, ke ma haka. Ban yarda da shawararki ba, Mama. Sai dai ba zan bari ki binne shi babu fasto ba. Ƙarfe huɗu."

Ku lura da kyau: ya ce in jira. Duk wanda ya gaya muku shi ya tura ni, ƙarya yake yi. Ƙa'idar ikilisiyarmu kuma ita ce ba a binne dattijo sai babban Rabaran na gunduma yana wurin. Fasto ya kira shi a gabana, ya tarar yana taro a Jos, Rabaran ya ce a dakata sai ya dawo. Fasto ya ce masa cikin girmamawa matar marigayi ta ƙi, kuma shi ba zai bar ta ita kaɗai ba. Na ji yadda muryar ta canza a ɗaya ɓangaren, na san yaron nan ya sayo wa kansa rigima.

Akwati bai yi wuya ba, mijin Rahila ya je Sabon Gari ya samo na katako marar ado. Kabari ne matsala. Ranar aiki ce, samarin majami'a duk suna wurin nema, ƙasar maƙabarta kuma a bazara sai da diga. Malam Sule, mai gadin gidan Alhajin da ke kallon namu, mutumin Jigawa, shekara goma sha biyar suna raba goro da babanku kowace yamma a bakin get. Tun safe yana tsugune a gindin katanga. Da ya ji ana ta maganar masu haƙa, ya taso ya tsaya daga bakin baranda ya cire takalmi.

"Malama, in dai haƙa ce, mu mun iya. A nuna mana wuri kawai, a gaya mana yadda naku yake."

Ya tattaro masu gadi biyu da mai ba fulawa ruwa na gidan likita, suka ɗauki diga da shebur suka bi mijin Rahila. Cikin wannan rana suka haƙa, kuma da suka gama suka koma gefe can bakin shinge suka tsaya har aka watse. Wannan ne asalin zancen wai Musulmi sun binne babanku. Rami suka haƙa, Allah ya saka musu. Dattawa biyu ne suka yi masa wanka, na ba su farar rigarsa ta zuwa sujada.

Iliya ya iso huɗu saura kwata, ƙura har gira, ya kama akwatin. Mutanen da suka zo ba su cika bas biyu ba. Matan zumunta rabi suka zo, ba anko, kowa da zanen da labari ya same ta a ciki. Talatu ta zo, ta tsaya a baya ba ta kalle ni ba, amma da aka rasa mai ɗaga waƙa ita ta ɗaga. Fasto Luka ya yi komai da Hausa, shi da kullum Turanci ke kuɓuce masa. Hannu ɗaya yana riƙe da littafi, ɗaya hannun ya ɗaga wayar Rahila sama don Magaji ya gani, haka ya tsaya tun daga farko bai sauke ba. Ni ban kalli wayar ba. Rahila ce ta gaya mini daga baya cewa da aka zuba ƙasar farko sai Magaji ya kashe wayarsa.

Muka dawo aka shimfiɗa tabarmi, kwana uku ana gaisuwa. A daren farko na yi barci, ba zan ɓoye muku ba, don na san inda mijina yake kwance kuma na san da fuskarsa ya tafi. Fasfo ɗin Magaji ya fito a kwana na tara. Bai zo ba. Bai zo a shekarar ba, bai zo a ta biyu ba. Yakan aiko da saƙo ta hannun Rahila, a gai da Mama, ko tana buƙatar magani. Idan na kira, matarsa ce take ɗauka ta ce yana wurin aiki. Jikata ta biyu a wajensa sai a hoto na san ta. A majami'a kuma wasu suka daina zama benci ɗaya da ni na ɗan lokaci, wannan bai dame ni ba, na sami wurin miƙe ƙafa. Abin da ya dame ni shi ne takardar da dattawa huɗu suka rubuta zuwa gunduma, cewa Fasto ya raina na gaba da shi, ya kuma zubar da darajar ikilisiya. Mutanen da suka yi shekara biyu suna goya masa baya a kan jita su ne suka sa hannu. Kafin Kirsimeti aka ɗauke shi aka kai shi wani ƙauye da ko wutar lantarki babu, matarsa da cikin wata bakwai. Ya zo yi mini sallama, na ce ya yafe mini.

"Ba ki yi mini komai ba, Mama," ya ce. "Har yanzu ina ganin da kin jira. Kuma in aka maimaita, zan sake zuwa ƙarfe huɗu."

A shekara ta uku bikin Iliya ya kawo Magaji gida. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya kawo mini magani da takalmi mai laushi, ya sauka a otal. Washegarin biki da safe ya shigo ya same ni ni kaɗai a kicin ina haɗa shayi. Na zuba masa, ya karɓa ya jingina da ƙofa. Furfura ta fara fito masa a gefen kunne, daidai inda ta fara fito wa babansa.

"Rahila ta ba ni labarin Baba Bitrus," ya ce. "Na yarda Baba ya faɗa. Ban taɓa zaton ƙarya kika yi ba."

Na ci gaba da juya cokali.

"Ba ganin fuskarsa ne kaɗai ba, Mama. Ni ne babba. Ni ya kamata in riƙe kan akwatin. Masu gadi suka haƙa, Iliya ya ɗauka, ni ina zaune a mota a bakin wurin aiki ina kallo a waya. Kuma da na roƙe ki, kika yi mini magana kamar wanda ya bugo lambar da ba daidai ba."

Ba kowa a kicin ɗin, daga ni sai ɗana. Allah ya ba ni dama a hannu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, shayinka zai huce. Ya kalle ni, ya shanye, ya ajiye kofin a hankali ya fita. Tun daga lokacin yana kira duk ranar Lahadi, minti biyar, ina gajiya, yaya ƙafa. Ya zo Kano sau biyu bayan nan, bai taɓa cewa a kai shi maƙabarta ba.

Alkawarin da na cika ban yi nadamarsa ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na yi ba. Wayar nan ce nake nadama, da kicin ɗin nan. Kunyar da aka koya mini abu ne mai kyau a inda kowa ya san ta, ni kuma na kawo ta inda ɗana bai san ta ba, na bar shi yana fassara ta da kansa shekara da shekaru.

Ikilisiya ma ta koyi nata. Bayan tamu an sake yin rigima biyu irin wannan, ɗaya har 'yan'uwa suka kai juna gaban hukuma gawa tana ajiye. Faston da muke da shi yanzu ya tara dattawa suka yi ta muhawara kusan shekara, masu cewa a hana ajiye gawa, masu cewa a hana gaggawa. A ƙarshe ba su hana ko ɗaya ba. Suka ce duk wanda ya haura sittin ya rubuta yadda yake so a yi da shi, ya karanta wa 'ya'yansa tun yana da rai, a ajiye takardar a ofishin fasto. Talatu ta rubuta shafi uku, har da kalar anko. Ni wata huɗu takardar tana cikin jakata ban taɓa ta ba. Makon jiya na cika ta, kuma da yake na san halin bakina, a nan zan karanta muku.

Ba na son anko, ba na son ɗan littafi mai hotuna, ba na son rumfuna a tare wa maƙwabta hanya. A yi da Hausa. A nemo Fasto Luka duk inda yake, in yana da rai, shi zai yi karatu.

Sauran kuma naka ne, Magaji. Na rubuta a kai ni ɗakin nan a ajiye. Allah ya sani ina tsoronsa, ko wucewa ta bakinsa ba na so, kuma na ga abin da yake yi wa mutum. Duk da haka na sa hannu. Kada wanda ya rufe ni sai ka iso ka riƙe kan akwatin. Ka nemi takardunka a natse, ka taho da yaran in makaranta ta bari, kada ka yi gudu a hanyar filin jirgi. Kwana goma ne ko wata guda, ɗana, zan jira ka.